Tarihin Mako: Ranar Da Matuƙin Jirgi Zai Ce Yau Ba Za A Tashi Ba

 A wannan makon sama za mu ɗaga kai.

Mu mutanen Randagi ba mu da filin jirgi, kuma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa shiga jirgin sama in ba don aikin Hajji ba. Amma ƙarar jirgi ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. A shekarun da dajinmu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, yaro ƙarami ma yana iya bambance rugugin jirgin yaƙi da na mai saukar ungulu. Ga kuma Zariya a nan jiharmu, inda tsohuwar makarantar koyon tuƙin jirgi ta Najeriya take, wadda 'ya'yanmu ma za su iya shiga idan Allah Ya hore. Don haka maganar ta shafe mu.

Abin da za mu duba shi ne dokokin da aka ɗora wa matuƙi mai zaman kansa, wato wanda ke tuƙa ƙaramin jirgi don buƙatar kansa ba don haya ba. Daga ina dokokin suka fito, kuma me ke faruwa idan aka tsallake su? Duk wanda ya bi tarihin zai ga kusan kowace doka sai da aka yi jana'iza kafin a rubuta ta, kuma wasu daga cikin darussan a sararin samaniyar Arewa aka koye su.

DAGA FILIN SUKUWA ZUWA ZARIYA

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso ne daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka ratso Sudan da Cadi, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jiragen na katako ne da aka lulluɓe da yadi, masu fukafukai biyu sama da ƙasa, matuƙi na zaune kansa a waje iska na dukansa. Abin da suke da shi na gane hanya bai wuce kamfas da taswira da agogo da idanunsu ba. Sai sun ga kogi ko dutse ko gari, su gwada da abin da ke kan takarda, sannan su san inda suke. Wannan salo shi za mu kira tuƙin ido, kuma har gobe shi ne ginshiƙin tuƙin ƙananan jirage.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. A watan Disamba na 1944 kuma ƙasashe suka taru a birnin Shikago na Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haifar da ICAO, hukumar da ke tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya. Daga ƙa'idojinta hukumar NCAA ta Najeriya ke ciro nata dokokin. Da taimakon ICAO ɗin nan da Majalisar Ɗinkin Duniya aka kafa makarantar Zariya a 1964, wadda a yau ake kira NCAT. Kaduna ma tana da nata kason a tarihin ƙananan jirage, domin a nan aka harhaɗa jirgin koyo mai suna Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989. An samo tsarinsa ne daga wani ƙaramin jirgin Amurka da masu sha'awa ke sayen sassansa su haɗa a gida.

Lasisin matuƙi mai zaman kansa shi ne matakin farko. A ƙa'idar ICAO sai mutum ya kai shekara 17, likita ya tabbatar da lafiyarsa, ya ci jarrabawa, ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai ba malami a gefe. Lasisin bai ba shi damar ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Tuƙin dare yana da horonsa daban. Tuƙi cikin gajimare ko hazo, inda ido ba ya ganin komai sai a dogara da na'urorin gaban jirgi, shi ma yana da nasa horon da tasa jarrabawar, shi za mu kira tuƙin na'ura. Mu riƙe wannan bambanci, don a kansa mafi yawan labarin ya rataya.

TAKARDAR DUBAWA

Ranar 30 ga Oktoba 1935 sojan Amurka suka fito gwada wani sabon jirgin Boeing mai inji huɗu a filin Wright da ke jihar Ohayo. Wanda ke tuƙin, Manjo Ployer Hill, yana cikin ƙwararrun matuƙan gwaji na ƙasar. Jirgin ya tashi, ya miƙe hanci sama, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka mutu har da shi Manjon. Da aka bincika sai aka tarar babu abin da ya lalace. Akwai wani makulli da ake sa wa sassan sarrafa jirgi idan yana ajiye don kada iska ta kaɗa su, shi aka manta ba a cire ba. Abokan aikinsa suka zauna suka ce idan irin wannan gwani zai manta, to kowa ma zai manta. Sai suka rubuta jerin abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin tashi, da kafin sauka, da bayan sauka. Asalin takardar dubawa ke nan, wadda yanzu babu jirgin da ba ya ɗauke da ita.

Ɗalibi a Zariya kafin ya taɓa makunnin inji sai ya zagaya jirginsa da ƙafa. Zai duba tayoyi da burki, ya shafa farfela ko ta tsage, ya duba baƙin mai, ya motsa sassan fiffike da na wutsiya ya ga suna tafiya yadda ya kamata. Zai buɗe tanki ya ga mai da idonsa, domin ma'aunin man ƙaramin jirgi yana iya yin ƙarya. Sannan ya tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki cikin kofi mai garai-garai ya ɗaga shi ga haske. Man ƙananan jirage masu fistin shuɗi ake rina shi, ruwa kuwa ya fi mai nauyi, don haka idan raɓa ko ruwan sama ya shiga zai kwanta a ƙasan kofin. Ɗan ruwan da a babur bai wuce ya sa a tsaya a kwance kafireto a gefen hanya ba, a jirgi yana iya kashe inji daidai lokacin da aka baro ƙasa.

Shi kansa matuƙin yana cikin abin dubawa. Ba a tuƙi da zazzaɓi, ko da maganin da ke sa barci, ko da gajiya, kuma doka ta hana hawa jirgi cikin awa 8 da shan barasa. Wanda ya yi kwana 90 bai yi tashi da sauka sau uku ba, ba shi da izinin ɗaukar kowa sai ya sake sabawa da hannunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

HADARI

Manomi a Kakangi ko Dogon Dawa ya san iskar nan mai sanyi da ƙura da ke zuwa gaban hadari, wadda ke kwashe jinka da kwano. A sama wannan iska ta fi haka mugunta. Ranar 24 ga Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC ya tashi daga Kano zai nufi Tarabulus da Landan, da hadari a kusa da filin. Yana barin ƙasa ya shiga ruwa mai ƙarfi, iskar da ke busowa ta gabansa ta juya ta koma ta bayansa a take, gudunsa ya ragu, ya kasa hawa, ya daki bishiya. Mutum 32 cikin 45 suka rasu. A lokacin ko suna wannan iska ba ta da shi. Sai bayan wani hatsari irinsa a birnin New York a 1975 wani masani ɗan asalin Japan, Tetsuya Fujita, ya bayyana yadda abin yake: iska ce ke zubowa daga cikin gajimaren hadari kai tsaye zuwa ƙasa kamar an tuntsurar da randa, idan ta daki ƙasa sai ta watsu ko'ina. Jirgin da ya ratsa ta zai fara jin kamar an ɗaga shi, sai a danne shi, sai a ture shi ta baya, duk cikin daƙiƙoƙi.

Shekara 50 bayan na Kano, ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana iska da hadari. Bai yi nisa ba ya faɗo a Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi. Rahoton bincike ya ɗora abin kan shawarar tashi alhali an san yanayin ba shi da kyau, da rashin bin matakan kuɓuta daga irin wannan iska yadda aka tsara. Haka nan ba mu manta da Juma'ar 21 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin sojan sama ɗauke da Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna cikin mummunan yanayi, mutum 11 suka rasu.

Idan hadari na kayar da manyan jirage masu ƙwararrun matuƙa bibbiyu, ina ga ƙaramin jirgi mai inji ɗaya? Shi ya sa dokar ƙaramin matuƙi a nan gajera ce. Ya karɓi bayanin yanayi daga hukumar NiMet kafin ya tashi. Kada ya ratsa hadari, kada ya bi ta ƙarƙashinsa, ya zagaye shi daga nesa ko ya koma inda ya fito. Hadarin daminarmu yawanci daga gabas yake tasowa, kuma da la'asar ya fi haɗuwa, don haka mai hankali da sassafe yake yin tafiyarsa.

HAZO DA DUHU

Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya nufi Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato da shi Kano, a tsakiyar hunturu. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama wuta. Mutum 176 cikin 202 suka rasu. Tsofaffinmu da yawa suna tune da wannan shekara. Tun daga lokacin har yau, duk hunturu sai an ji an soke tashin jirage a Kano da Kaduna da Sakkwato saboda hazo, fasinjoji na ta ƙorafi.

Ga mai tuƙin ido ƙa'idar ita ce ya iya hangen aƙalla kilomita 5 a gabansa, ya kuma nisanci gajimare. Dalilin yana cikin jikin ɗan Adam. Abin da ke gaya mana cewa a miƙe muke ko a karkace, ido ne da wani ruwa da ke can cikin kunne. A cikin jirgi, idan ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, ruwan kunnen yakan ruɗe. Jirgi zai karkata a hankali matuƙi yana jin daidai yake, idan ya gyara kuma sai ya ji kamar yanzu ne ya karkace, sai ya mayar da shi. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙin na'ura, aka tsare musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma a matsakaicin lissafi cikin daƙiƙa 178, ko minti uku bai cika ba. Hazo mai kauri da dare marar wata a saman daji duk abu ɗaya suke yi wa ido.

Wannan ya kawo mu ga labarin da ya fi kowanne kusa da batunmu. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, masanin haɗa magunguna ne da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Yana kan mulki ya koyi tuƙi a Zariya ya samu lasisin matuƙi mai zaman kansa. Ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2012, jajibirin Babbar Sallah, ya tuƙo jirgin Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola da yamma tare da muƙarrabansa. Jirgin ya faɗi kafin ya isa filin Yola. Ba wanda ya mutu a wurin, amma gwamnan ya ji mummunan rauni a ka. Aka kai shi Jamus, daga nan Amurka, ya dawo a watan Agusta na 2013 bai warke ba, jihar ta faɗa rikicin wa ke mulki tsakanin magoya bayansa da na mataimakinsa Garba Umar. Ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya lissafa abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar hatsarin. Matuƙin ba shi da shaidar cancantar tuƙa irin wannan jirgi. An yi tuƙin ido bayan faɗuwar rana. Sa ido daga hukumar da ke kula da harkar ya yi ƙaranci. Ba don cin zarafin mamaci muka kawo wannan ba. Darasin da ke ciki shi ne, a jirgin haya akwai kamfani da zai hana matuƙi tashi, akwai abokin tuƙi da zai ce a dakata. Mai tuƙa kansa kuwa shi ne direba, shi ne mai gida, shi ne mai uzuri, kuma waɗanda ke bayansa yaransa ne da ba za su iya buɗe baki su ce ranka ya daɗe rana ta faɗi ba.

Masu kallon ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, ɗan wasan Ajantina da ƙungiyar Cardiff ta saya daga Nantes ta Faransa. Daren 21 ga Janairu 2019 ƙaramin jirgin Piper da ya ɗauko shi ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Bincike ya nuna matuƙin lasisin mai zaman kansa gare shi, ba shi da izinin tuƙin dare, ba shi da na ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma hayaƙin inji mai guba ya shiga cikin jirgin. Wanda ya shirya tafiyar kotu ta ɗaure shi wata 18.

ZAFI, NAUYI DA MAI

Akwai wani maƙiyin da ba a gani, shi ne zafin bazara. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya samun isasshen numfashi. Filin Zariya yana sama da ƙafa 2,000 daga doron teku. Idan ma'aunin zafi ya kai digiri 38 a watan Afrilu, jirgi zai ji kamar daga tudu mai sama da ƙafa 5,000 yake tashi. Zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma hawansa zai yi nawa. Ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin EAS ya zarce ƙarshen titi a Kano kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa hawa, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku.

Saboda haka kafin kowace tafiya matuƙi zai ɗauki biro ya haɗa nauyin mutane da kaya da mai, ya duba littafin jirgin ya ga tsawon titin da yake buƙata a zafin wannan rana. Mu da muka saba ganin Golf ɗauke da mutum goma da buhunan masara a but za mu ga kamar tsanani ne. Mota idan ta yi nauyi sifirin ne zai karye a sauka a tura. Jirgi mai kujera huɗu sau da yawa ba ya iya ɗaukar manya huɗu da cikakken tanki a lokaci guda, dole a rage ɗaya. Wajen da aka ɗora kayan ma yana da lissafi, don idan nauyi ya taru a baya hanci zai ɗaga ya ƙi saukowa. Shi kuma mai, ƙa'ida ita ce bayan wanda zai kai shi inda za shi, ya kasance da rarar aƙalla minti 30 da rana, minti 45 da dare.

IDAN DAJI NE A ƘASA

Yanzu mu dawo gida. Dajin Kamuku kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,100, ga shi ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja. Ƙaramin jirgi idan injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse, yana sulalowa ne. Irin Cessna 172 da ake koyo da shi, daga tsayin kilomita ɗaya zai iya sulala kusan kilomita tara kafin ya taɓa ƙasa. Shi ya sa ake koya wa matuƙi ya yi sama sosai idan zai ratsa daji, ya bi ta kusa da titi ko gonaki ko da hanyar ta fi tsawo, kuma kullum idonsa na neman filin da zai sauka in ta ɓaci. Tsarin da ake haddace masa shi ne ya fara riƙe jirgin, sannan ya san inda ya nufa, sannan ya yi magana. Akwai mitar rediyo ta gaggawa, 121.5, da lamba 7700 da yake sawa a na'ura don masu hasumiya su gane yana cikin matsala.

Kafin tashi kuma yana miƙa takardar shirin tafiya ga hukumar NAMA, mai ɗauke da hanyarsa da lokacin isarsa da yawan mutanensa da man da ya ɗauka. Idan lokaci ya wuce bai iso ba, an san inda za a fara nema. Jirgi kuma yana ɗauke da wata na'ura da ke aika saƙo ga tauraron ɗan Adam idan ya daki ƙasa. Amfanin wannan ya fito fili a 2008. Ranar 15 ga Maris wani jirgin Beechcraft ya tashi daga Legas zuwa filin Bebi kusa da Obudu da mutum uku a ciki, ya ɓace. Aka yi ta nema har aka gaji. Sai a ƙarshen watan Agusta mafarauta suka ci karo da tarkacensa a tsaunukan jihar Kuros Riba, bayan wata biyar da rabi.

Dajinmu ya ƙara wa matuƙa wani lissafin da babu shi a tsofaffin littattafai. A farkon Maris 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. Irin wannan hani ana fitar da shi ne cikin sanarwar da wajibi ne kowane matuƙi ya karanta kafin ya tashi. Ranar 18 ga Yuli na wannan shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet yana dawowa daga aiki a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, hafsan sojan sama Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya ɓuya, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya cikin dare har ya isa wurin sojoji. A irin wannan yanki, ƙaramin jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa ba tare da an san da shi ba ya jefa kansa cikin hatsari, ya kuma jefa mutanen ƙasa cikin fargaba da jita-jita.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma idan ya faɗo a yankinmu manomi ko mafarauci ko ɗan sa-kai ne zai fara isa wurin. Abin da ya kamata mu sani kaɗan ne. A ceci mai rai a nisanta shi daga jirgin. Kada a kusanci wurin da taba ko wuta, man jirgi ba ya jira. Idan na soja ne a yi nesa, don yana iya ɗauke da abin fashewa. A sanar da mai gari da jami'an tsaro, a kira 112 idan akwai sabis. Kada a kwashi ƙarfe ko waya ko takarda, domin yawancin ƙananan jirage ba su da akwatin naɗar bayanai, tarkacen nan da yadda ya warwatsu shi ne shaidar da masu bincike za su karanta. Aikin hukumar binciken, wadda yanzu ake kira NSIB, shi ne gano dalili don kada a maimaita. Wanda ya ɗauke guntun ƙarfe ya kai wa 'yan gwangwan, ƙila ya ɗauke amsar da za ta ceci wasu.

DOKAR DA TA FI WUYA

Idan muka jera waɗannan labarai za mu ga ba jahilci ne ya fi kashe matuƙa ba. Yawancinsu sun san dokar. Abin da ke faruwa shi ne akwai biki gobe, akwai taro, akwai babban mutum a kujerar baya, an riga an yi alƙawari, rana kuma tana ta yin ƙasa. Sai mutum ya ce bari dai a gwada. Malaman tuƙi sukan shawarci ɗalibi ya rubuta wa kansa iyaka tun yana gida hankalinsa kwance: iska kaza ba na tashi, hazo kaza ba na tashi, ƙarfe kaza in ban tashi ba na kwana. Idan ranar ta zo, takardar ce za ta yi gardama a madadinsa.

Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun yi shekaru muna jiran rakiyar sojoji kafin mu bi hanyar Kaduna. Mun san direban da zai ce la'asar ta yi ba zan shiga dajin nan ba, fasinjoji su yi ta zaginsa, washegari su yi masa godiya. Mun kuma san wanda aka zuga ya shiga. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma malamanmu sun koya mana cewa dogaro ga Allah bai hana ɗaure raƙumi ba.

Ga matasanmu masu burin zuwa Zariya, ƙofa a buɗe take, a dage da lissafi da kimiyya da Turanci, don da Turanci ake magana da hasumiya. Ga wanda Allah Ya ɗaukaka a cikinmu har ya kai ga hawa ƙaramin jirgi ko shatarsa, yana da haƙƙin tambayar wane lasisi matuƙin yake da shi, kuma idan matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba, a bar shi, a nemi masauki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, Ya dawwamar mana da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari. Dattawan da suka shaida shekarar jirgin alhazai ta 1973, da duk wanda ya yi karatu ko aiki a makarantar Zariya, muna jiran ƙarin bayaninku. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.